Sawun da Ya Hau Kwalta

Ranar da aka sace Surma, ƙauyen Basti Kikkar duk yana barcin rana. An gama yankan alkama, zafi ya kai inda ko kare ba ya ɓata yawunsa a haushi. Makiyayi ya kai ɓaunayen tatsa na Sa'in Sarfaraz koramar ban-ruwa su yi birgima, shi kuma ya miƙe a inuwa wai zai huta idonsa. Da ya farka, duk suna nan sai ita.

Surma kuwa ba kowace ɓauna ba ce. Baƙa ce wuluk, ƙaho a nannaɗe, da farin tabo a goshi, in ana tatsarta sai an sauya bokiti. Sarfaraz, wanda ya fi kowa gonaki a yankin har ake ce masa Sa'in don girmamawa, ya fi yawan zancenta a kan zancen 'ya'yansa. Don haka kafin la'asar an aika a kirawo Bahawal.

Bahawal, wanda ake kira Lala, wato babban yaya, mai bin sawu ne, gadon kaka da kakanni. Tsoho ne dogo, ramamme, mai tafiya kai a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Bai san bihim ba a takarda, amma in ka taka ƙasa sau ɗaya ya ga sawunka, to ya riƙe ka har ka mutu. Dokar sana'arsa ta girmi ofishin 'yan sanda. Zai bi sawu har inda ya tsaya, sannan a gaban dattawa ya faɗi ɗayan biyu: ko "sawu ya fita", ko "sawu ya kwana". In ya ce ya kwana a gonarka, kai za ka biya dabba, kai za ka ɗauki sunan ɓarawo, har jikokinka su gada.

Ya tsuguna a bakin korama, jama'a suka yi cirko-cirko a bayansa. Na gaba-gaba shi ne Gulsher, ƙanin matar Sarfaraz, wanda ke kula masa da dabbobi da gonaki, mutum mai ƙiba da gashin baki a murɗe da bakin da ba ya rufuwa.

"Lala Bahawal, me ƙasar ta ce maka? Ko yau ta yi yaji?"

"Ta ce ka matsa, kana tsaye a kan bakinta."

Aka yi dariya, Gulsher ya ja baya. Bahawal ya nuna da sandarsa. Mutum ɗaya ne, sanye da takalmin roba irin na masu ban-ruwa, wanda kowane gida ke da shi. Amma ga abin da ya tsaya masa a rai: babu inda ɓaunar ta turje, babu inda aka ja ta da igiya. Bin sa ta yi a baya, salin-alin.

"Ta san shi," in ji Bahawal.

Suka bi ta gefen gonar rake, suka ƙetare wani fili da aka yanke alkamarsa. Tun daga nan Bahawal ya ga inda hanyar ta dosa. Sawun ya zo daidai rijiyar Dilmir, wadda ke bakin kwalta, ya tsaya cak. Dilmir shi ya yi renon Surma tun tana 'yar maraƙa, ya sayar da ita yana hawaye shekarar da ambaliya ta cinye masa auduga. Kuma Dilmir shi ne mijin Bakhtawar, 'yar Bahawal ɗaya tilo.

Gulsher ya tafa hannu. "Ashe! To wa Surma za ta bi ba igiya in ba wanda ya shayar da ita ba?"

"Akwai sawun taya a nan," in ji Bahawal. "Ta baya ta hagu tana da faci. A mota aka ɗora ta."

"Mota nawa ke tsayawa a rijiyar nan shan ruwa, Lala? Ko don suruki ne yau ƙasa ta koma yin ƙarya?"

Dilmir, da hayaniya ta fito da shi daga bukka, ya tsaya baki buɗe yana rantsuwa cewa barci yake yi. Kowa ma barci yake yi, don haka rantsuwar ba ta amfane shi da komai ba. Sarfaraz ya dubi Bahawal ya ce, cikin sanyin murya, "Jibi bayan sallar Juma'a, a zaurena. Bakinka muke jira."

*

Da yamma Bakhtawar ta zo gidan mahaifinta. Ba ta zauna ba, ba ta taɓa shayin da aka miƙa mata ba.

"Abba, mata sun daina amsa min sallama a bakin famfo. Ka san bai yi ba."

"Na sani, 'yata."

"To ka faɗa mana!"

"In na ce ya fita, sai na nuna ta inda ya fita. Ni kuwa kwalta ba ta magana da ni."

Ta dube shi da jajayen idanu. "In ka ce ya kwana, kai da bakinka ka mai da jikokinka 'ya'yan ɓarawo." Ta ja mayafi ta fita. Bahawal ya daɗe zaune. Tun yana saurayi bai taɓa yi wa ƙasa ƙarya ba, ga shi yau gaskiyar ta tsaya a ƙofar 'yarsa ta ƙi gaba.

*

Washegari da sassafe ya hau kwaltar da ƙafa. Mai shagon taki da ke mararraba yana da kyamara a saman ƙofa, irin wadda ke ganin ko'ina ba ta ganin komai. Ya nuna wa Bahawal hoton jiya da rana: wata akori-kura shuɗiya ta wuce fiu, baya a lulluɓe da tamfol. Lamba kuwa sai wani dusu-dusu, kamar an shafa mata kunu.

"Shuɗiya dai a nan kusa uku ce," in ji mai shagon. "Ta Gulsher tana birni wurin bakanike tun shekaranjiya, shi ya faɗa min. Ta mai nono ba ta da tamfol. Saura ta Haji Mithu, dillalin dabbobi. Ka san halinsa."

Kowa ya san halin Haji Mithu, mutumin da ya taɓa rina tsohuwar akuya ya sayar wa mai ita. Bahawal ya same shi a ƙofar gida yana zuƙar tukunyar taba.

"Haji, ina motarka?"

"Au, abin ya zo kaina? Zo ka gaishe ta."

Ya kai shi bayan gida. Ga motar nan ɗare-ɗare a kan bulo, ba taya ko ɗaya, kaza tana kwanci a kujerar direba.

"Tambaye ta," in ji Haji Mithu, "ita ke tuƙi yanzu. Lala, ni ina cutar mutum ido na ganin ido, a kasuwa, da shaidu. Satar rana tsaka ba ajina ba ce."

Bahawal ya yi dariyar dole ya juya. Rabin yini ya tafi, bai samu ko zare ba.

*

Ya ci gaba da bin gefen kwaltar, ba don yana sa rai ba, sai don ƙafarsa ta ƙi komawa gida. Haka ya iso hubbaren Baba Kikkar Shah, ɗan ginin nan mai koriyar ƙubba da ke bakin hanyar birni. Babu direban yankin da ke wuce shi a guje. Kowa sai ya sauka daga kwalta ya tsaya, ya jefa kwabo a akwati, ya roƙi Allah ya kai shi lafiya. Mai tsaron wurin kuma, wani tsoho da yanar ido ta kusa rufe wa gani, sai ya zagaya motar da jiƙaƙƙen tsumma, ya goge fitilu da madubai da duk abin da hannunsa ya taɓa, ladan sadakar da aka jefa.

A nan, cikin ƙurar gefen hanya, Bahawal ya ga abin da yake nema. Taya mai faci, ta baya ta hagu. Kusa da ita ga busasshen fitsarin ɓauna da ya zubo ta ƙasan mota, ya taru wuri ɗaya. Abin da ya taru wuri ɗaya kuwa, a tsaye ya zuba.

"Baba, jiya da rana wata mota ta tsaya nan da dabba a baya?"

"Ta tsaya, ɗana. Na ji numfashinta."

"Wa ke tuƙi?"

"Bai yi magana ba, ni kuwa idona ka gan shi. Amma ƙazami ne, wannan na sani. Bayan motar duk taɓo, sai da na wanke tsummana sau biyu."

Taɓo, a watan da ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Bahawal ya gane: da gangan aka shafe lambar. Ya ɗaga kai yana neman wanda zai tambaya, bai ga kowa ba sai tantabaru a kan ƙubba suna jiran hatsin sadaka. Biyu daga cikinsu fiffikensu rine da ja. Duk yankin mutum ɗaya ke rina tantabarunsa haka.

Ya juya ya hangi ƙauye. Can nesa, bayan gonaki, ga benen Nazir ya fi kowane gini tsawo.

*

Nazir mai tantabaru da Bahawal sun shekara ba sa ga maciji. A wani biki ne Nazir ya ce, a gaban mutane, zamanin shinshinar ƙasa ya wuce, kyamara ɗaya ta fi masu bin sawu goma. Bahawal ya ce shi bai taɓa ganin kyamarar da ta dawo da akuya ba. Tun daga ranar sai sallama daga nesa. Amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ya hau matakalar benen yana haki.

"Lale, lale! Yau ƙasa ce ta hau sama?" in ji Nazir. "Zauna, Lala, kada tsufa ya kayar min da kai a kan tsuntsaye."

"An ce kana ganin hubbare daga nan."

"Ganin hubbare? Ina ƙirga gashin wutsiyar tantabara!"

Shi ke nan an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Kyamarori huɗu ya kafa saboda ɓarayin tsuntsaye, amma ta biyar ita ce 'yar lelensa, doguwa kamar gwangwanin madara, a ɗaure da ƙarfe don kada iska ta girgiza ta. A gasar tashi, tantabarar da ta sauka a wani wuri kafin ta dawo gida ta faɗi. Nasa kuwa sun koyi kwaɗayin hatsin hubbare. Shi ya sa ya saita kyamarar a kan ƙubba, don ya san maciya amanar cikinsu.

"Waɗancan suna gani da faɗi, ba sa gani da nisa," in ji shi. "Wannan kuwa wuri ɗaya take kallo, kamar mai leƙe ta cikin kara. Amma in lambar mota kake nema, ka huta. Na gwada. Abin da ke gudu daga wannan nisa, sai ya zama miya."

"In ya tsaya fa?"

Shi Nazir ƙubba yake kallo kullum, bai taɓa damuwa da abin da ke ƙasan hoton ba. Ya ja kujera gaban allon, ya mai da hoton zuwa jiya da rana. Ga ƙubba, ga tantabaru, can a kusurwar ƙasa ga ɗan yankin hanya da akwatin sadaka. Babur ya wuce, ya zama miya kamar yadda ya ce. Wata motar rake ta tsaya ta tashi. Sai ga hancin shuɗiyar akori-kura ya shigo, ya wuce, bayanta ya tsaya daidai cikin hoton.

"Kash!" in ji Nazir. "Ya shafe ta da taɓo, ɗan banza."

"Jira."

Tsoho mai tsaron hubbaren ya shigo hoton da tsummansa yana lalube. Ya goge fitilar hagu. Ya goge ta dama. Hannunsa ya faɗa kan ƙarfen da ke tsakiya, ya ji kaushi, ya tafi ya wanko tsumma ya dawo. Ya dirje shi tsaf, da dukkan zuciyarsa, kamar mai wanke kwanon baƙo. Sannan ya matsa gefe.

Nazir ya tsayar da hoton, ya jawo shi kusa, ya ƙara jawowa. Rana tana dukan ƙarfen, baƙaƙen lambobi suka fito rangaɗau. Ya karanta a ransa, ya sake karantawa, ya kama baki.

"Lala, ai wannan motar..."

"Riƙe bakinka sai gobe. Allon nan yana ɗaukuwa?"

"Ko a ka ne zan ɗauko shi."

*

Bayan Juma'a zauren Sarfaraz ya cika har waje. Dattawa a kan gadajen igiya, tukunyar taba tana zagayawa, mata a bayan katanga suna kasa kunne. Dilmir yana tsaye shi kaɗai a rana, kai ba rawani, kamar yadda aka saba yi wa wanda ake tuhuma. Haji Mithu ya zo, mai nono ya zo, makiyayi yana rakuɓe a gefe. Gulsher ya iso a makare cikin shuɗiyar motarsa, wai yanzu ya karɓo ta daga birni. Bahawal ya dubi ƙasa inda ta tsaya: tayoyin baya sababbi ne fil.

"To, Bahawal," in ji Sarfaraz. "Ya fita, ko ya kwana?"

"Sa'in, ka ba ni izinin tambaya ɗaya tukuna. Gulsher, motarka tana ina ranar da Surma ta ɓata?"

"A birni mana! Sau nawa zan faɗa? Lala, bar kewaye-kewaye, surukinka ne, mun sani da ciwo."

"Ba ta taka hanyar hubbare ba?"

"Motar da ke kwance wurin bakanike? Sai dai in aljanu suka ara."

Aka ɗan yi dariya. Bahawal ya ɗaga sanda, Nazir ya shigo rungume da allonsa, yana tafe yana fankama kamar ango. Aka jona waya, aka ajiye shi a kan gado.

"Yau kuma majigi za a nuna mana?" in ji Gulsher. Amma muryarsa ta ɗan sirance.

Jama'a suka ga ƙubba, suka ga mota ta tsaya, suka ga tamfol yana motsi, wata baƙar wutsiya ta leƙo ta ƙasansa. Suka ga tsoho da tsummansa. Wani ya ce, "Allahu Akbar, Baba goge ta da kyau!" Nazir ya jawo hoton.

"Sa'in," in ji Bahawal, "ni ban iya karatu ba. Kai za ka karanta mana."

Sarfaraz ya sa tabarau ya matso. "Bakwai," ya ce da ƙarfi. "Biyu." A ta uku muryarsa ta yi ƙasa. Ta huɗu bai faɗe ta ba, don shi da kansa ya sayi motar ya ba ƙanin matarsa. Ya cire tabarau a hankali ya juya, duk zauren ya juya tare da shi, zuwa ga shuɗiyar motar da ke ƙofa da lambarta tana ƙyalli.

"Wa ke ba Surma dusa safe da yamma?" in ji Bahawal. "Shi ma za ta bi shi ba igiya. Ya kai ta rijiyar Dilmir don sawu ya mutu a can. Ya shafe lamba, ya sauya taya, duk ya yi dabara. Abu ɗaya ne ya gagare shi, wuce Baba Kikkar Shah bai tsaya ba."

"Da kayan sata a baya?" in ji Haji Mithu yana riƙe ciki. "Ka tsaya neman albarka? Kai, ko ni ban kai nan ba!"

Gulsher ya fara kame-kame. Da Sarfaraz ya daka masa tsawa sai ya zube, ya ce Surma tana ƙetaren kogi a garken wani abokinsa, ana jiran kasuwar dabbobi. Nan take aka tashi mutane da mota, ba tasa ba.

Sarfaraz ya tashi, ya warware rawanin kansa, ya taka har cikin rana inda Dilmir yake, ya naɗa masa da hannunsa. Hawaye suka bi gemun Dilmir. Sannan babban dattijon zaure ya buga sanda ya ce ai har yanzu mai bin sawu bai faɗi kalmarsa ba.

Bahawal ya miƙe tsaye, kai a ɗage, abin da ba a saba gani ba. Daɗi ya cika shi har yana jin kamar ya yi rawa. Ya juya wajen katangar da mata suke, don ya san wa ke bayanta, ya ɗaga murya yadda za a ji har bakin famfo.

"Sawu ya fita!"

Guɗa ta tashi daga bayan katanga, ya kuma gane muryar da ta fara.

*

Kafin magariba aka sauke Surma a ƙofar zaure. Ta yi biris da mai ita, ta ratsa taro ta je ta sa hanci a hammatar Dilmir, kowa yana dariya har Sarfaraz. Nazir kuwa ya tare mutane yana ba su labarin yadda kyamararsa ta kama ɓarawo.

"Ta yini biyu da shi a ciki tana kallon tantabaru," in ji Bahawal.

"Kai kuma ka yini biyu kana shinshinar kwalta. Lala, mu raba ladan."

"Mu raba uku. Akwai mai tsumma."

Suna cikin haka Bakhtawar ta ratso da babban kofin lassi, wato nonon da aka kaɗa, curin man shanu yana yawo a kai. Ta wuce mijinta da sabon rawaninsa, ta wuce Sa'in Sarfaraz, ta durƙusa ta miƙa wa mahaifinta da hannu biyu.

"Abba, sha. Tun shekaranjiya ba ka ci komai ba, na sani."

Bahawal ya kafa kai, bai sauke kofin ba sai da ya ga gindinsa.